Bayin makarantar ƙauyenmu na hana yara mata zuwa

Maman Twins, Aboabo:
Salam jama'a. Na je ƙauye wajen Ejura, ɗiyar yayata tana JHS 2 amma duk wata in jini ya zo mata sai ta zauna gida kwana 3, wai bayin sukul ɗin ba ƙofa, buhu aka rataya, samari na leƙe, ruwa kuma babu. Ta ina zamu fara?

Baba Asawase:
Hajiya ku fara da PTA (ƙungiyar iyaye da malamai), ku tara sidi kaɗan kaɗan a kira kafinta ya sa ƙofa da sakata daga ciki. KVIP ɗin nan ma, wato bayin rami mai bututun iska, a Kumasi aka ƙirƙiro shi, ba wani abin Turai bane, a raba na mata daban.

Anti Sawaba:
Ƙofa kawai ba zata yi ba Baba. Gwamnati ta fara raba pad kyauta a 2025, toh in yarinya ta canza ina zata jefa, da me zata wanke hannu? Ku sa Veronica bucket (bokiti mai famfo) da sabulu da buta da kwandon shara mai murfi, in da hali polytank (tankin ruwa na roba), ni a zamaninmu tsumma muke ɓoyewa a jaka, Allah dai ya kyauta.

Maman Twins:
Na gode. Polytank ƙarami nawa yanzu a Adum?