"Tsuntsun da ya ja ruwa": ni ne tsuntsun ko kurciya?

Baban Ummi, Tunfure: Salamu alaikum. Ku raba ni da maiɗakina. Ranar Asabar na kira mai aikin fulawa ya yi wa itatuwan ƙofar gida aski, don kashin tsuntsaye ya ishe ni a kan mota. Almakashi na shiga, sai ga sheƙar kurciya a ƙasa da 'ya'ya biyu, ko gashi ba su gama ba. Yanzu kuma rana tana dukan falo tun azahar, ga bazara. Ina mita, Hajiya ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Na ce ai da kurciya ake, ita ta zaɓi inda almakashi ke bi. Ta ce da ni ake.

Malam Na-Bolari: Wa alaikumus salam. Alhaji, wa ya kira mai almakashi? Wa zafi ke gasawa? Shari'a ta ƙare.

Uwar Biyu: Ba ta ƙare ba, Malam. Waɗanda ruwan ya doka da gaske 'yan tsakin nan ne, kuma ba su ja komai ba. Ni na ce maganar ba ta hau kan kowa ba.

Mai Lambu: Sana'ata ce, bari in sa baki. A Afrilun Gombe, da zafi ke taɓa digiri 40, ba a yi wa ice kwalkwal, ana rage bakin reshe ne kawai a jira ruwa ya sauka. Kuma kafin almakashi, a leƙa ciki. Kurciya ƙwai biyu take yi, kamar mako biyu ta ƙyanƙyashe, wani mako biyu su tashi. Haƙurin wata ɗaya ne ya gagara.

'Yar Kumo: Kun tuna mini da Kaka, Allah ya jiƙanta. A gidanmu akwai tsamiya da shamuwa ke sauka duk shekara gab da damina. Ranar da muka fara ganinta tana yawo da kara a baki, Kaka za ta sa a fito da iri a duba. Wata shekara Kawu ya sayo kwano zai rufa ɗakin amarya, ya ce reshe ɗaya ya tokare masa, kuma a kansa sheƙar take. Har ya ɗora gatari a kafaɗa. Kaka ba ta ce masa uffan ba, ta ɗauko tabarma da ƙwaryar kaɗinta ta zauna daidai ƙarƙashin reshen tana murza mazari. Ta yini a nan. Washegari ma haka. Ƙarshe sai ɗakin aka matsar, shi ya sa har yau ƙofarsa a karkace take. Da aka yi ruwan farko ta kira mu zaure, ta nuna mana shamuwar kwance kan ƙwanta, ruwa na zuba a bayanta ba ta ko motsi. Ta ce, "Kun ga tsuntsun da ya ja ruwa. Ya kawo wa gari, shi ya sha dukan." A bakin Kaka yabo ne, ba gori ba.

Malam Na-Bolari: Allah ya jiƙan Kaka, amma ban taɓa jin an yabi mutum da ita ba. Sai in ya tsokano tsuliyar dodo. Kuma ruwa na Allah ne, shamuwa biyo shi take yi, damina na wucewa ta yi kudu.

'Yar Kumo: To Malam, je ka faɗa wa manoman Kumo haka.

Ɗan Jekadafari: A ƙasar nan tsuntsun da ya ja ruwa lema gare shi da jiniya. Mu da muka yi layi a rana mu ke jiƙewa.

Sarkin Zolaya: Kar ka manta da masu dashen ice ɗaya da kyamara goma. Ana gama tafi akuya ta zo ta yi nata askin.

Uwar Biyu: An fara. Mu dai akwai hadisi a Abu Dawuda, sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata. Alhaji, ina 'yan tsakin?

Baban Ummi: Ummi ta saka su a tsohon kwando, mun rataye a reshen da ya rage. Uwar tana zuwa.

Sarkin Zolaya: Motar fa?

Baban Ummi: Tsuntsayen sun koma kan wayar lantarki, daidai saman inda nake ajiye ta.

Mai Lambu: Ka ɗaga kwandon sama, Alhaji. Akwai kyanwa a gidan?