Dokar hana babakere tana hawa kan asibitocin coci?

Mai_Nazari:
Salamu alaikum. Idan asibitocin coci suka haɗa baki kan farashi, hukumar gasar kasuwanci tana iya cin su tara? Kuma shugaban ƙasa zai iya hana ta?

Lauyan_Kasuwa:
Tana iya, Malam. Doka aikin take dubawa, ba mai aikin ba. Tun 1991 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa duk wanda ke harkar kasuwanci kamfani ne a idon dokar gasa, ko da wane suna aka yi masa rajista. Wa'azi da sadaka ba su ciki, amma jinyar da ake biya tana ciki. A can tarar takan kai kashi 10 cikin 100 na cinikin shekara. Inda cocin kan shiga uku shi ne haɗa asusun baikon masu ibada da na asibiti wuri ɗaya, sai a kasa nuna inda ibada ta tsaya. A 2017 kotun ta ce yafe wa makarantar Katolika haraji a Sifaniya na iya zama haramtaccen tallafi idan ginin na karatun kuɗi ne.

Tsohon_Akawu:
Batun shugaba kuwa, a duba wa ke naɗawa, wa ke kora. Dokar FTC, wato hukumar gasar kasuwanci ta Amurka, ta tanadi kwamishinoni 5, wa'adin shekara 7, kada 'yan jam'iyya ɗaya su wuce 3. Duk da haka Shugaba Trump ya sallami biyu daga cikinsu a 2025.

Mai_Nazari:
To idan limaman cocin suka roƙi shugaban fa?

Lauyan_Kasuwa:
Roƙo ba laifi ba ne. A Amurka abin da dokar haraji ta 1954 ta hana coci shi ne tallata ɗan takara.