Neman shawara: giyar Datsun ta tsere ta sake lalacewa

Bakanike daga Jidda: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwa. Shekarata goma sha ɗaya a garejin wani Balarabe a sana'iyya (unguwar masu gyaran mota), wanda mahaifina ya yi wa aiki kafin rasuwarsa, kuma shi ya biya mini sadaki, don haka ba na iya ɗaga murya a gabansa. Tun da aka fara Dakar Classic, gasar tsofaffin motoci, a nan Saudiyya a 2021 ɗan Balaraben ya kamu da son tsofaffin motoci, ya sayo Datsun 240Z ƙirar 1972 mai giya huɗu, yana kai ta filin tsere kusa da Riyad. Sau biyu ina sauke akwatin giyar cikin wata takwas. Lamba biyu tana gurza idan an sauko daga uku, kuma na tarar da garin tagulla a cikin mai. Saura mako uku ya koma fili, kuma ina tsoron a ce hannuna ne. Me zan yi?

Baba na Makka: Wa alaikumus salam. Ɗana, na kama sifana tun ba a haife ka ba, saboda haka ka saurare ni. Irin wannan motar, 240Z, da ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973 ba raguwa ba ce, amma ƙarfen da ya haura shekara hamsin ya gaji. Ka je tashlihi, inda ake sayar da kayan matattun motoci, ka nemo akwati mai giya biyar na Datsun 280ZX, wadda aka yi tsakanin 1978 da 1983, domin yana hawa injin nan ba tare da wahala ba. Duk wanda ya ce maka ka ci gaba da sauya zoben giya, ɓata maka lokaci yake yi.

Malami daga Madina: Baba, Allah ya ƙara girma, amma bakaniken bai faɗi man da ya zuba ba. Zobban da ke daidaita gudun giya a wannan akwati na tagulla ne, kuma man giya nau'in GL-4 suke so. Sinadarin da ke cikin GL-5 yana iya cin tagulla idan mai ya yi zafi, sannan santsinsa yana hana zoben kamawa da kyau. Garin da ya gani shaida ce.

Bakanike daga Jidda: Malam, GL-5 na zuba, kuma ba da ganganci ba, domin shi ya fi tsada, kuma shi nake zuba wa Porsche 911 ta wani abokin cinikinmu, ba ta taɓa kuka ba.

Malami daga Madina: Akwatin giyar Porsche ɗin, wanda ake kira 915, daban ne, zobbansa na ƙarfe ne, kuma a mai ɗaya yake da difaransha.

Direba daga Riyad: Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sayar da kaya. Na biya riyal mai yawa a kan boris da aka rantse mini na Japan ne, bai yi wata biyu ba ya fara ƙugi, kuma mai gidana ya cire kuɗin daga albashina. Har yau ban huce ba.

Baba na Makka: Maganar mai ta 'yan boko ce. Na ce a sauya akwati.

Wani daga Ɗa'if: Kafin a sauya, a tambayi masu shirya tseren, domin gasar da ke bin dokar tsofaffin motoci ta FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, tana neman mota ta zauna a kan ƙirar zamaninta. Sannan wa ya taɓa zama kusa da yaron yana tuƙi? Idan yana saukowa lamba biyu ba tare da ya taɓa totur ba, ko sabon akwati ba zai kai Ramadan ba.

Bakanike daga Jidda: Yaron ya iya tuƙi, yaya, kuma ba ni ne zan gaya wa ɗan mai gidana haka ba. Na riga na yi odar wasu zobban, kuma akwai sauran galan na man nan a gareji. Baba, nawa akwatin zai kai a tashlihi?