Abin da aka tattauna kan neman tallafi ga wanda ƙafa ta gaza

Mun zauna a Tudun Wada kan batun kawunmu, wanda hatsarin mota ya taɓa masa laka, yanzu ko banɗaki sai an ɗauke shi. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya fara da takardar likita. Wata baiwar Allah da ta sha wannan hanya ta ce kada a yarda a rubuta "ciwon baya" kawai. Likita ya fayyace: ba ya iya tsayuwa, ba ya hawa matakala, sai da keken guragu. Ta nuna mana tata, duk ta tsufa a cikin leda, ga hatimin asibiti a ƙasa. A yi kwafi da yawa, asalin kuwa kada ya bar hannunka.

Sai lambar NIN da asusun banki da sunansa, haruffan sunan su zama iri ɗaya ko'ina.

Da yake kawu ma'aikacin kamfani ne kuma a bakin aiki abin ya same shi, wani dattijo ya tuna mana da dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da ita. Wannan ya fi komai kama hankalina, domin haƙƙinsa ne.

An kuma ce mu yi rajista da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Jihar Kaduna, mu shiga JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, don su ke fara jin labarin rabon kekuna. Duk wanda ya nemi kuɗin fom a bayan fage, a rabu da shi.