Shin Derek Jeter gwani ne a tsaron fili?

Mai buɗe zance: Jama'a, raina ya ɓaci jiya da wani ya ce mini aikin shotstof a wasan besbol ba shi da wuya. Shi ne fa yake tsaye tsakanin tasha ta biyu da ta uku, kuma da yake yawancin masu bugu na-dama ne, ƙwallon da ta bi ƙasa wajensa ta fi nufa. Dole ya cafe ta a guje, ya juya, ya jefa ta tasha ta ɗaya kafin mai bugu ya gama ƙafa 90 da ke gabansa. Sai gwani irin Derek Jeter na ƙungiyar New York Yankees zai riƙe wurin nan har zuwa 2014.

Magoyin Cardinals: Malam, ka janye kalmar gwani. Ozzie Smith, tsohon shotstof ɗin ƙungiyarmu ta Cardinals, ya ci Gold Glove, kyautar wanda ya fi iya tsaron fili, sau 13 a jere, daga 1980 zuwa 1992, Jeter kuwa biyar ya samu. Wanda ake kira gwani shi ne wanda yake cim ma ƙwallon da kowa ya fid da rai da ita.

Magoyin Yankees: A'a, ɗan'uwa, gwani shi ne wanda ba ya ɓata abin da ya shigo hannunsa. Ka tuna 2001, da Jeter ya bar wurinsa ya tsinci ƙwallo ya miƙa ta tashar gida, inda ake cin maki, a wasanmu da ƙungiyar Oakland.

Malama: Yallaɓai, wasa ɗaya ba ya zama hujja. Masu ƙididdiga sun daɗe suna nuna cewa Jeter ba ya kai wa ga ƙwallon da ta yi nisa da shi, kuma a shekarun da ya ci kyautar masu horarwa kaɗai ke zaɓen wanda za a ba ta.

Magoyin Yankees: Malama, mun san ke 'yar Boston ce, abokan hamayyarmu, ƙiyayya ce take magana.

Malama: Ban ɓoye ba. Amma ka faɗa mana dalilin da aka mayar da Alex Rodriguez tasha ta uku da ya zo Yankees a 2004, alhali shi ya ci kyautar a matsayin shotstof a 2002 da 2003.

Magoyin Yankees: Baƙo ba ya tayar da mai gida daga shimfiɗarsa.

Mai taƙaitawa: A ganina an amince cewa Jeter gwani ne, domin masu sukarsa ba su kawo komai ba sai lissafi da son ƙungiyarsu, shi kuwa kofin World Series, wato na zakarun gasar, biyar ya ɗauka yana tsaye a wurin.