Na maƙale a babi na huɗu, ku taimaka mini

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji biyar na firamare a Kano, kuma wata uku ke nan ina rubuta musu ɗan labari da zai sa su san tarihin garinsu ba tare da hadda ba. Na ajiye labarin a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wajen 1870. Yaro ne ɗan marina a Ƙofar Mata aka aike shi Kasuwar Kurmi, ya ɓata, sai yaran Ayagi (unguwar Yarabawa) da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa (unguwar Larabawa) suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har gida.

Ga inda na cije. Duk sa'ad da Bayaraben yaron ko Banufen ya buɗe baki, sai in ga ina karya masa Hausa, ajin kuwa ya fashe da dariya. Akwai Yarabawa biyu a ajin, ɗaya ta sunkuyar da kai ranar da na karanta, abin ya tsaya mini a rai. In kuma na sa kowa ya yi Hausa garau, sai su zama mutum ɗaya. Ta yaya ake bambanta muryarsu ba tare da izgili ba?

Sai maganar bayi. Ana sayar da su a Kurmi a lokacin, ba na son in yi wa yara ƙarya. Ɗan shekara goma, me zan nuna masa, me zan bari sai ya girma?