Yadda muke adana girkin iyaye da kakanni a Jos

Malamar makaranta, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji abin da kowa ya gani da idonsa game da adana girkin gida. Bayan rasuwar kakarmu mun tarar da wani tsohon littafi a ƙasan adakarta, an rubuta yadda ake alkaki da nakiya da dubulan da ajami, irin kayan da takan haɗa wa amare. Mun sami mai karanta mana, amma sai ga shi duk ma'aunin da kuɗi aka yi shi: tsamiya ta taro, citta ta sisi, man shanu na sule biyu. Tun da naira ta maye gurbin fam a 1973 wannan lissafi ya bi ruwa, domin babu wanda zai iya cewa ga yawan tsamiyar da taro yake saye a wancan zamani. Yaya kuka yi da naku?

Dattijo, Bukuru: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakarku, 'yata. Mahaifina kuku ne a gidan wani Baturen kuza, kuma da Baturen zai koma Ingila ya bar masa littafin girkinsa, wanda har yau yana hannuna. Shi ma ma'auninsa sai da fassara, domin da oza da fanti aka rubuta shi. Oza ɗaya tana kusa da giram 28, fantin Ingila kuwa mililita 568 ne, alhali na Amurka 473 ne, saboda haka duk wanda ya sami irin wannan littafi ya fara duba ƙasar da aka buga shi kafin ya ɓata fulawarsa. Abin da ya fi daraja a wurina shi ne rubutun da mahaifina ya yi da fensir a gefen shafuka, inda ya mayar da komai zuwa gwangwanin madara da cokalin shayi, ya kuma nuna inda yakan sa man gyaɗa idan bota ta yanke.

Hajiya mai sana'ar waina, Gangare: Malama, ko da an warware miki lissafin taro da sisi, takarda ba za ta ba ki komai da komai ba. Surukata daga Kano ta zo da hannunta na waina, kuma ta sha gaya mini cewa ƙullin da yake tashi cikin ɗan lokaci a zafin Kano, a nan Jos sai ya kwana, musamman a watan Disamba da Janairu idan hunturu ya kankama. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa kuwa yana rage wa yis ƙarfi, don haka takan lulluɓe roba da bargo ta ajiye kusa da murhu. Ba ta taɓa auna kanwa ba. Takan ɗiga ruwanta ta ɗanɗana ƙullin har tsamin ya kwanta. Shawarata ita ce ki nemi wata tsohuwa cikin dangi wadda ta ci alkakin kakarku, ki zaunar da ita ta yi a gabanki. Duk abin da ta ɗiba da hannu, ki karɓa ki zuba a gwangwani ki auna kafin ya shiga kwano, wani kuma ya riƙa ɗaukar muryarta da waya. Tsofaffi sukan ce "kaɗan" ga abin da ya cika tafin hannu.

Ma'aikacin ɗakin karatu, Rikkos: Game da takardar kanta, ina roƙon kada a kai ta a manne ta da leda mai zafi, domin zafin yana lalata tawada kuma ledar ba ta ɓantaruwa daga baya. Haka ma salatif, wanda yake barin tabo ruwan ɗorawa. A ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana, a rarraba wa dangi, sannan a sa littafin a cikin farar takarda a ajiye shi nesa da kicin da bango mai danshi. Daminar Jos tana da tsawo, kuma na ga littattafai da yawa da danshi da kyankyasai suka cinye a cikin akwati.

Matar aure, Farin Gada: Namu ba a taɓa rubuta shi ba. Mahaifiyata ta koyi gwaten acha daga maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Birom, ni kuma na rubuta shi bara daga bakinta, har da yadda ake rege achar a ƙwarya sau da yawa saboda yashi, da lokacin da ake zuba yakuwa da gauta. Na sa sunan maƙwabciyar a saman shafin domin 'ya'yana su san inda girkin ya fito.

Malamar makaranta, Unguwar Rogo: Na gode Baba, na gode Hajiya da sauran 'yan'uwa. Ƙanwar kakarmu tana nan da rai a Dilimi, kuma ta amince ta yi mana alkakin ranar Asabar idan Allah ya kai mu. Ta ce a zo mata da alkamar da aka ɓarza, ba fulawa ba.